Allon Zayyana da Cinikin NFT

Idan almajiri ya sauke Alƙur'ani a Unguwar Tudu, ko wani ƙauye na ƙasar Gwarzo da Kabo, akan yi masa allon zayyana. Mai zayyana ba ya sa sunansa. Da zarar ya karɓi ladansa, aiki ya bar hannunsa ke nan.

To, a watan Maris na 1921 ba wanda zai gaskata abin da ya faru shekara ɗari bayan haka. A Maris na 2021 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da zanen kwamfuta na Beeple, Ba'amurke, kan dala miliyan 69. A Oktoba kuma ya yi gwanjon aikin Osinachi, ɗan Aba. Mai saye bai mallaki hoton shi kaɗai ba, domin kowa na iya kwafarsa. Abin da ya saya shaida ce, wato NFT, rubutacciya a kundin da dubban kwamfutoci ke riƙe da shi, ba mai iya gogewa.

Kasuwar ta faɗi a 2022. Amma ga inda gizo ke saƙa: kundin nan wanda ya fara yin rajista yake shaida, ba wanda ya zana ba. Baƙo na iya ɗaukar hoton allo ya sayar, mai zayyana bai ko ji labari ba.