SHANYEWAR ƁARIN JIKI, ASFIRIN DA YAWAN YURIK ASID A JINI

Jama'a, shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Akwai wadda gudan jini ke toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, akwai kuma wadda jijiyar ke fashewa jini ya malala. Ta farkon ta fi yawa, kuma masu ita ne likita kan ɗora a kan asfirin ko kulofidogirel.

Aikin maganin

A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da kan manne wa juna su tsayar da jini idan an yi rauni. Idan suka taru a jijiyar da ta ƙuntata, sai su toshe ta. Asfirin, miligiram 75 zuwa 100 a kullum, yana rage musu wannan mannewa, don kada cutar ta sake dawowa.

Mene ne yurik asid?

Wani dusa ne da jiki ke samarwa yayin sarrafa abinci da tsofaffin ƙwayoyinsa, ƙoda kuma ita ce ke fitar da mafi yawansa ta fitsari. Idan ya haura miligiram 7 a kowace desilita ta jinin namiji, ko 6 a ta mace, an ce ya yi yawa. Daga nan yakan daskare a gaɓɓai, musamman babban yatsan ƙafa, ya kawo kumburi da azabar ciwo. Sau da yawa yana tafiya tare da hawan jini da ciwon ƙoda, waɗanda su ma ke share wa shanyewar jiki hanya.

Inda haɗarin yake

Asfirin kaɗan da ake sha kullum yakan rage yadda ƙoda ke fitar da yurik asid, haka ma wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Saboda haka gaɓɓai na iya tashi. Wasu sai su daina asfirin, wasu kuwa su sayi ibufurofen ko dikilofenak a kemis. Duka biyun kuskure ne: daina asfirin na iya maido da shanyewar, haɗa shi da waɗancan kuma na iya sa jini ya tsinke a ciki.

Abin da ya kamata a yi

1. Kada a daina magani sai da izinin likita. Akwai maganin rage yurik asid, kamar alofurinol, da zai iya bayarwa.
2. A riƙa auna jini, a duba ƙoda.
3. A rage hanta, ƙoda, kayan ciki da lemon kwalba, a guji giya, a yawaita shan ruwa.
4. In an ga baƙin bayan gida ko aman jini, a garzaya asibiti.
5. In baki ya karkace, hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, kada a ba da asfirin a gida. Sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa tukuna, domin in jijiya ce ta fashe, asfirin zai ƙara ta'azzara lamarin.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Lafiya uwar jiki.