Ina Ya Kamata Libar Giya Ta Zauna a Tsohon Keken Tsere?

Duk wanda ya taɓa leƙa wurin masu sayar da kekunan gwanjo ya ga irinsu: siririn keke, taya kamar tsinke, hannu a lanƙwashe kamar ƙahon rago, ga sunan Peugeot ko Raleigh ko Miyata ya fara koɗewa a jiki. Mai saye yakan matsa taya, ya ja birki, ya biya. Sai ya hau ya tarar da tudu, sannan ya fara laluben inda ake sauya giya.

A mafi yawan waɗannan kekuna, libobin biyu suna kan bututun da ya gangaro daga wuyan keke zuwa wajen feda. Nan suka zauna a kekunan 'yan tsere na Turai shekaru da dama, har zuwa wajen 1990, kuma da dalili. Waya gajera ce, ba ta da lanƙwasa da yawa, saboda haka kana taɓa liba sarƙa ta amsa. Babu nauyi, babu abin da zai lalace. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: dole ka saki hannu guda ka kai shi ƙasa tsakanin gwiwoyi. A titi mai santsi wannan ba komai ba ne. A titin da rami ke bin rami, ga 'yan acaɓa suna giftawa, sai wanda ya saba.

Akwai kuma wanda aka ɗaura libobin a wuyan hannun keke, a gaban mahayi. Wannan ya yaɗu ne a Amurka a farkon shekarun 1970, lokacin da jama'a suka yi rububin sayen kekuna masu giya goma irin Schwinn Varsity, galibinsu ba 'yan tsere ba. Mai hawa a miƙe yana ganin libar da idonsa, hankalinsa ya kwanta. Ni dai ban cika son wannan wurin ba. Hannu yana komawa tsakiya, inda riƙon keke ya fi rauni, kuma in birki ya tunkuɗa ka gaba, ƙarafa biyu ne tsaye suna jiran cikinka.

Na ukun shi ne wanda ake cusawa a ƙarshen ƙahon, inda bututun hannu ya ƙare. Masu doguwar tafiya da kaya sun daɗe suna yabon sa, musamman ƙirar kamfanin SunTour na Japan, domin tafin hannu yana riƙe da keke yayin da ƙaramin yatsa da gefen hannu ke tura liba. Sai dai gwiwa takan buge shi in ka miƙe kan feda, in kuma keke ya faɗi, shi ke fara cin ƙasa.

Amma wurin zaman liba rabin magana ne. Sauran rabin, wanda masu saye ba sa tambaya, shi ne yadda take aiki. Tsofaffin libobi ba su da matakala: kana jan su a hankali, kana sauraron sarƙa, har ta hau haƙorin da kake so ta yi shiru. Kunne da yatsa ke aikin, kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo. A 1984 kamfanin Shimano ya fito da mai ƙas-ƙas, wadda kowane taku ɗaya giya ɗaya ne. Da daɗi, babu musu. To amma mai ƙas-ƙas tana da zaɓen abokin zama. Tazarar da take jan waya dole ta dace da na'urar da ke tura sarƙa a baya, ta kuma dace da yawan layukan haƙoran firiwil da tazararsu. Haɗa libar Shimano da kayan Campagnolo ko na SunTour, ka ji sarƙa tana ta gunaguni. Marar matakala kuwa ba ruwanta da sunan kamfani. Huret ne, Simplex ne, giya biyar ce ko bakwai, duk za ta ja. Ga wanda kayan gyaransa sai abin da aka samu a akwatin mai gyaran keke na bakin kasuwa, wannan ba ƙaramar falala ba ce. Wasu libobin Shimano ma suna da ɗan zobe a gefe da ake murzawa a kashe ƙas-ƙas ɗin, a koma tsohon salo.

Sai na zamani, wanda aka haɗa giya da birki a liba ɗaya. Shimano ya kawo shi kasuwa a 1990, Campagnolo ya biyo baya a 1992. Matasa suna ganin sa ransu ya biya, su ce a sa musu a tsohon keke. Ana iyawa, amma aikin ya fi yadda ake zato. Na farko-farkon irinsa an yi su ne don giya takwas a baya, wadda ke buƙatar faɗin milimita 130 tsakanin ƙafafun firam, alhali tsofaffin kekuna 120 ko 126 gare su. Firam na ƙarfe ana iya buɗa shi kaɗan. Na alminiyom kada ma a gwada. Ga sabuwar ƙafar baya, ga sarƙa, ga wayoyi: kafin ka ankara kuɗin ya wuce na keken. Sannan cikin libar cike yake da ƙananan haƙora da sifirin, waɗanda tsohon giris da ƙurar hunturu ke daskarar da su.

Saboda haka in keken ya zo da libarsa a bututun ƙasa kuma tana aiki, a bar ta, a sauya waya kawai. In sakin hannu ke tsorata mutum, a mayar da ita ƙarshen ƙaho. Kafin a cire ta dai a duba ko a kan ɗan ƙarfen da aka liƙa wa firam take, ko kuwa zobe ne ya kama ta, domin a wurin ne za a ɗaura abin da zai tokare rigar sabuwar wayar.