DAMO SARKIN HAƘURI

A ƙasar Kano ta kudu, daga Bebeji da Ƙiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, akwai ƙadangaru iri iri. Akwai ƙadangaren gida mai jan kai, da tsaka, da kulɓa, da hawainiya. Manyansu kuwa biyu ne, watau guza da damo.

Mutane da yawa su kan ɗauki guza da damo abu guda ne, amma kama da wane ba ta wane. Guza dogo ne, ya kan kai ƙafa 6, yana kuma son ruwa. Shi ya sa a kan gan shi a bakin Kogin Kano, da gefen madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974. Damo kuwa gajere ne kakkaura, da wuya tsawonsa ya wuce ƙafa 3. Shi ɗan tudu ne, mazauninsa gonaki da saura da daji, kamar dajin Falgore.

Launin damo toka-toka ne mai ɗige-ɗige, kamar ƙasar da ya ke kwanciya a kai. Yana da ƙaton kai, da farata masu ƙarfi na haƙa rami. Harshensa a rabe ya ke biyu kamar na maciji, da shi ya ke sansano abinci. Saboda wannan harshe waɗansu ke tsoronsa, alhali kuwa ba ya sara ya kashe mutum kamar maciji.

Da damina ta sauka, sai damo ya fito kiwo. Yana cin fara, da gyare, da buzuzu, da ƙadandoniya, da katantanwa, har da kunama. Ya kan ci ƙwarai da gaske, abin da ya yi saura kuwa jikinsa ya mai da shi kitse ya ajiye. Kamar yadda manomi ke cika rumbunsa da kaka, haka damo ke cika nasa, sai dai shi rumbunsa a cikin jikinsa ya ke.

Idan rani ya yi, ciyawa ta bushe, ƙwari suka yi wuya, sai ya shiga rami, ko tsohon suri, ko kogon itace, ya kwanta. Ya kan yi wata da watanni yana zaune da kitsen nan, ba ya cin kome sai ɗan abin da ba a rasa ba. Abin da ya sa ya ke iya haka shi ne, jikinsa ba ya yin zafin kansa kamar na mutum ko na akuya. Rana ce ke ɗumama shi, don haka abinci kaɗan ya ishe shi.

Macen damo ta kan haƙa rami wajen ƙarshen damina, ta zuba ƙwai 20 ko fiye, ta rufe da ƙasa, ta yi tafiyarta. Ba ta kwanci kamar kaza, ɗumin ƙasa ne ke yin aikin. Bayan kamar wata 5 ko 6 sai 'ya'yan su ƙyanƙyashe, daidai lokacin da ruwa ya kusa, abinci zai yawaita.

In damo ya ji motsin abokin gaba, sai ya lafe ya yi shiru, har a wuce shi ba a gan shi ba. In an matsa masa, ya kumbura, ya yi huci, ya kai duka da wutsiya. Wani lokaci ma sai ya yi kamar ya mutu. Ba mamaki Hausawa suka yi masa kirari da sarkin haƙuri.

Can a hamadar yammacin Amurka, wajen Nebada da Arizona, akwai wani ɗan ƙadangare mai irin wannan hali. Jikinsa faffaɗa ne, bai fi tafin hannun yaro ba, yana da ƙayoyi a bayan kansa kamar ƙaho. Yawancin abincinsa tururuwa ce. In ya ga shaho sai ya manne da ƙasa, ko ya nutse cikin rairayi. Shi da sanyi ya ke shiga ƙasa ya kwanta, damo kuwa da rani. Ko wanne Allah ya ba shi dabarar da ta dace da ƙasarsa.

Amma haƙurin damo ba ya tsirar da shi daga mutum. Mafarauta su kan tone raminsa da karnuka, don nama da fata. Da fatarsa dukawa ke yin jaka da takalma, da ta guza kuma a ke rufe ƙoƙon goge. Wutar daji ita ma tana hallaka shi, tana ƙone abincinsa. Tun 1975 akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen duniya, har da Nijeriya, wadda ta hana fita da damo ko guza ko fatunsu zuwa wata ƙasa sai da takardar izini.

Ko wane damo da aka kashe a gona, an bar fara da gyare da yawa ke nan su ci shuka. Saboda haka yaro mai hankali, in ya gamu da damo a hanyar gona, ba ya jifansa. Sai ya tsaya daga nesa ya dube shi da kyau, sa'an nan ya bar shi ya tafi aikinsa.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin guza da damo?
2. Da me damo ke rayuwa da rani?
3. Ta wace hanya damo ke taimakon manomi?