Buhun sukari a shekara: Abin da na gano ranar da na auna shayin fadarmu

Kawuna tela ne a Maraɗi, ya fi shekara talatin yana taka keken ɗinki. A daminar bara ya taka ƙusa a ƙofar shagonsa, bai ji komai ba. Sai da yaron shago ya hango jini a takalminsa ya ce, "Baba, dubi ƙafarka!" Aka wanke, aka ɗaure, kowa ya manta. Bayan mako uku miki ya ƙi kamewa, ya fara wari, muka kwashe shi sai gidan likita.

Da aka auna jininsa da safe kafin ya karya, na'ura ta nuna giram 2.9 na sukari a kowace lita. Na mai lafiya ba ya kai giram 1.10. A ƙarshe yatsu biyu aka yanke masa a ƙafar dama, ƙafar da yake ci da iyalinsa da ita.

Likitan ya ce mana ciwon ba na jiya ba ne. Mai yiwuwa ya yi shekaru a jikinsa yana cin jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa, shi ya sa ƙusa ta shige shi bai sani ba. Daga nan ya juyo gare ni.

"Kai ɗansa ne?"

Na ce, "Ɗan ƙanwarsa ne."

"To gobe ka zo da sassafe, kada ka sa komai a bakinka."

Na zo. Nawa ya nuna 1.16. Ya yi mini bayani cewa daga 1.26 zuwa sama, idan an maimaita awo aka sake samun haka, shi ne ciwon sukari. Tsakanin 1.10 da 1.25 kuwa mutum bai shiga ba, amma yana bakin ƙofa. Shekaruna 41. Ya tambaye ni yawan sukarin da nake sha a yini, na ce ai ni ba mai son zaƙi ba ne, ko alewa ban damu da ita ba. Ya yi murmushi ya ce, "Kana zaman fada?"

Sikelin maƙeri a fada

Duk wanda ya tashi a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san fada ba ta cika sai da buta a kan gawayi. Mu shida ne a tamu, muna haɗuwa da hantsi, mu sake haɗuwa bayan isha'i, kuma kowane zama sai an yi dahuwa uku. Ban taɓa ɗaukar shayin nan a matsayin abinci ba, balle in yi masa lissafi.

Na aro ɗan sikelin wani maƙerin azurfa na unguwarmu na tafi da shi fada. Ƙaramin kofin da muke auna sukari da shi, idan an cika shi, giram 60 yake ɗauka. Kofi guda ake zubawa a kowace dahuwa. An raba wa mutum shida, kowa ya tashi da giram 10. Dahuwa uku, giram 30. Zama biyu a yini, giram 60.

Na koma gida na ci gaba da awo. Kokon safe, ƙwara uku nake jefawa, kimanin giram 18. Lemon kwalba mai santilita 33 da nake korawa da shi bayan abincin rana yana ɗauke da kusan giram 35. Furar la'asar, cokali biyu cike, giram 10. Jimilla giram 123 a yini, wato kusan ƙaramin cokali 30. Da na lissafa na shekara sai na ga ya kusan kilo 45. Saura kaɗan in shanye buhu mai kilo 50 ni kaɗai, ni da na ce ba na son zaƙi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da shawararta a kan wannan batu tun 2015. Ta ce sukarin da ake ƙarawa a ci da sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa na yini. Ga baligi matsakaici, wannan ya kama kimanin giram 50, ƙaramin cokali 12. Ta ƙara da cewa in aka sauko ƙasa da kashi 5, wato giram 25 ko cokali 6, ya fi. Zuma da ruwan ƴaƴan itacen da aka matse duk suna cikin wannan lissafi. Mangwaro ko gwaiba ko dabinon da aka ci ɗungum ba sa ciki, haka ma zaƙin da ke cikin nono tun asali.

Ina sukarin yake zuwa?

Farin sukarin da muke saye a kanti haɗin abu biyu ne, gulukos da furuktos. Gulukos yana shiga jini kai tsaye. Da ya shiga, wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira pankiriyas, sai ta saki sinadarin insulin, shi ne ke buɗe wa sukarin hanya ya shiga tsoka da sauran sassan jiki a yi aiki da shi. Furuktos kuwa mafi yawansa hanta ce ke sarrafa shi, kuma idan ya yi mata yawa sai ta mai da shi kitse, wani ya zauna a cikinta.

Idan kitse ya taru a hanta da cikin tumbi, jiki yakan rage jin kiran insulin. Pankiriyas sai ta ƙara himma, ta yi ta fitar da mai yawa shekara da shekaru, har ta gaji. Lokacin ne sukari yake tsayawa a jini ya ƙi sauka. Jinin da ya daɗe a haka yana lalata ƙananan magudanan jini na ido da na ƙoda da jijiyoyin ƙafa, yana kuma taimaka wa toshewar manyan magudanan da ke kai jini zuciya da ƙwaƙwalwa. Makanta, wankin ƙoda, yanke ƙafa, shanyewar ɓarin jiki, duk ta wannan hanya suke biyowa. Haƙori ma ba ya tsira, domin ƙwayoyin cutar baki da sukari suke yin tsamin da ke huda shi.

Abin sha ya fi abin tauna haɗari. Wanda ya ci lemo biyu da zare-zarensu zai ji ya ɗan ƙoshi, sukarin kuma a hankali zai shiga jini. Wanda ya sha kwalba guda, ko zoɓon leda, ko shayi mai madarar gwangwani, cikinsa ba ya lissafa shi, zai zauna ya ci tuwonsa cikakke a kai.

Sukari ba shi kaɗai ne mai laifi ba. Akwai gado, akwai shekaru, akwai ƙiba da yawan zama, kuma farar shinkafa da burodi su ma gulukos suke komawa a jiki. Nau'in ciwon sukari na farko, wanda ya fi kama yara, ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Amma a cikin duk waɗannan, cokalin sukari ne abin da ke hannunmu safe da yamma.

Darasi daga Birtaniya

Hujjar da ta fi tsaya mini a rai daga Birtaniya ta fito. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, gwamnatin ƙasar ta ƙayyade sukarin da kowa zai iya saye, ba ta saki ba sai watan Satumba na 1953. Da aka saki, shan sukarin baligi ya tashi daga kimanin giram 40 a yini zuwa kusan 80.

A 2024 mujallar kimiyya ta Science ta wallafa binciken da ya bi lafiyar mutum kimanin 60,000 da aka haifa tsakanin 1951 da 1956. Waɗanda suka yi zaman ciki da shekaru biyun farko na rayuwarsu a lokacin ƙarancin sukari, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kusan kashi 35 cikin 100, na hawan jini da kusan kashi 20. Waɗanda suka kamu ma, ciwon sukarin ya jinkirta musu da kimanin shekara 4, hawan jinin da shekara 2. Abin da aka ba su suna goye ya bi su har bayan shekara hamsin.

Wani binciken da mujallar Nature Medicine ta fitar a Janairun 2025 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai, mutum miliyan 2.2 a duniya sun kamu da ciwon sukari ta dalilin abin sha mai zaƙi. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, fiye da kashi 21 cikin 100 na sababbin masu ciwon da shi aka danganta su. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya kuma ta ce a 2021 baligai miliyan 24 ke ɗauke da ciwon a yankinmu na Afirka, fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma adadin na iya kai miliyan 55 a 2045. Kawuna yana cikin waɗanda ba su sani ba.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka sa wa lemon kwalba haraji na musamman: Meziko a 2014, Birtaniya da Afirka ta Kudu a 2018, maƙwabciyarmu Najeriya kuma ta sa naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗinta ta 2021. Sai dai babu harajin da zai isa cikin butar fada ko kofin koko. Wannan sai mu da kanmu.

Yaƙin cikin gida

A fada na fara. Na roƙi a riƙa zuba mini nawa kafin a sa sukari. Mai dafa mana ya dube ni ya ce, "Mi ya same ka? Shayi ba sukari ai magani ne!" Suka yi ta dariya, wani ya ce na zama ɗan lokotoro. Kwanakin farko da ƙyar nake haɗiyewa. Sai na koma shan dahuwa ɗaya da hantsi da sukari kaɗan, na dare kuma in sha da na'ana'a zalla. Cikin wata guda harshena ya sauya, har na fara jin shayin da na saba yana hawa mini kai. Bayan sun je gaida Kawu sun ga ƙafarsa, babu wanda ya yi magana, amma washegari rabin kofi aka zuba a buta. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Lemon kwalba na bar shi sai biki ko suna. Koko ƙwara ɗaya. Fura da nono kawai. Ban koma ga ƙwayoyin zaƙin nan marasa sukari ba, domin a 2023 OMS ta ce kada a dogara da su wajen rage ƙiba. Na kuma ajiye babur da safe, ina takawa zuwa wurin aiki, minti talatin. Likita ya gaya mini cewa a wani babban gwaji da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa a 2002, masu irin matsayina da suka ɗan rage nauyi suka kuma riƙa motsa jiki minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100. Ya kuma ja mini kunne game da Kawu: mai shan maganin ciwon sukari kada ya bar maganinsa don ya bar shayi, kuma ya riƙa yawo da ƙwarar sukari a aljihu, domin in nasa ya faɗi ƙasa har ya fara rawar jiki da gumi, ita ce za ta cece shi.

Inda aka fi shan fama shi ne kan ɗiyata mai wata goma sha huɗu. Na tarar da mahaifiyata tana ba ta shayi mai madarar gwangwani da cokali, yarinya tana ta lashe baki. Na ce, "Inna, don Allah a bar ba ta wannan."

Ta ce, "Kai yaro, ka hana kanka, ka hana jikata? Ɗan zaƙin nan mi zai yi mata?"

Ban kawo mata zancen Birtaniya ba. Na tambaye ta da me ta yaye ni. Ta yi shiru, sannan ta ce da kunun gero da nono, don a ƙauye lokacin sukari sai an yi baƙo ko ranar salla ake fito da shi daga cikin kwalla. Na ce, "To Inna, ki yi mata irin yayen da kika yi mini." Ta harare ni, amma ta ajiye kofin.

Bayan wata shida na koma awo, na samu 1.07. Likita ya ce kada in yi saurin murna, in dawo kowace shekara, kuma in turo ƴan'uwana da suka haura arba'in. Biyu sun je, ɗaya har yanzu yana cewa shi lafiyarsa ƙalau.

Kawu ya koma shago. Yanzu yanka yake yi da awo, yaron ne ke taka keke. Kowace safiya sai ya cire takalmi ya duba tafin ƙafarsa da ɗan madubi, kamar yadda aka koya masa. Shekaranjiya na biya ta wurinsa, mai shayi ya kawo masa kofi, ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Ɗan nan, har yanzu ban saba ba." Ya shanye, ya ɗauki almakashinsa.