Zomo Ya Ƙi Ci: Abin da 89, 72 da 48 Ke Nufi ga Mai Kiwo a Bici

Idan zomo ya ƙi ci, kashinsa ya ɗauke, ya lafe a lungun keji yana cizon haƙora, guda nawa ne ke tashi cikin ɗari? Likitocin dabbobi sun amsa wannan tambaya a rubuce, kuma amsoshinsu sun sha bamban. Wani nazari ya ce 89, wani ya ce 72, wani kuma bai cika 48 ba. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa da irin zomayen da ya ƙirga, da matakin da cutar ta kai kafin a kawo masa su, da abin da aka yi musu.

Dukkan waɗannan alƙaluma daga asibitocin Turai da Amurka suka fito, inda ake ɗaukar zomo a mota a kai shi hoto. A Bici kuwa zomo dabbar yara ne da matan gida, a kejin katako da waya a bayan ɗaki, ko a tsohon ɗakin ƙasa inda yake haƙa raminsa. Ƙaramar hukumar Bici, a jihar Kano, tana da mutum kusan 277,000 a ƙidayar 2006, a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 612, wato sama da mutum 450 a kowane murabba'i. Gona ta haɗe da gona, makiyaya ta yi ƙaranci, shi ya sa dabbar da za ta rayu a kan harawa da ganyen dankali a cikin gida take da farin jini. To amma cikin zomo ɗaya ne, ko a Landan ko a Ɗanzabuwa, don haka akwai abin ɗauka a lissafin, muddin an san abin da aka ƙirga.

Cuta biyu ce ake haɗawa a kira kumburin ciki. Ta farko kasalar hanji ce: hanya a buɗe take, amma hanjin ya rage motsi. Zomon yakan rage ci a hankali cikin kwana biyu ko uku, ƙwayoyin kashinsa su ƙanƙance, su bushe, su ragu, daga baya su ɗauke. Ta biyu toshewa ce: wani abu ya tsaya a ƙaramin hanji ya datse hanya. Wannan ba ta sallama. Zomon da ya ci abincinsa da asuba sai a same shi da azahar ya ƙi motsi, tumbinsa ya cika tam a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Dalili shi ne zomo ba ya amai. Yawu da ruwan ciki suna ta kwarara cikin tumbi, gaba a toshe, baya ba mafita, kamar kwatar da shara ta datse ana tsakar ruwan Agusta. Yana iya mutuwa cikin awanni, da wuya ya wuce kwana guda idan abin bai gusa ba.

Lamba mafi ƙanƙanta daga wannan ta biyun ta fito. A 2007 likita Frances Harcourt-Brown, wadda ta yi aiki a garin Harrogate na Ingila, ta wallafa bayanin zomaye 76 da aka kawo mata da kumburin tumbi sau 84, domin wasu sun maimaita. A cikin 84 ɗin, 29 sun mutu ko an huta da su da allura kafin a yi wani magani. An yi wa 40 tiyata: 10 suka mutu ana cikin aikin, 3 aka tarar ciwon daji ne, 8 suka mutu bayan an ɗinke, 19 suka warke. Goma sha tara cikin arba'in shi ne 47.5 cikin 100. Sauran 15, waɗanda hoto ya nuna abin da ya tsaya ya riga ya wuce zuwa babban hanji, ba a yanka su ba, kuma 13 suka tashi. Idan aka haɗa duka, 32 ne suka rayu cikin 84, wato 38 cikin 100. Mai son ya tsorata mutane zai ɗauki 38, mai son ya kwantar da hankali zai ɗauki 13 cikin 15, alhali takarda ɗaya suka karanta.

Abin da ya fi jan hankalina a nazarin shi ne jerin abubuwan da aka ciro. An tabbatar da musabbabi a lokuta 64. A 49 daga ciki, dunƙulen gashi ne da ya matse ya zama ƙwallo mai tauri. Sau 5 ciwon daji ne, sau 4 kuma ƙwallon wata bishiya da ake gaurayawa cikin abincin zomo na kanti a can. Ƙwallo mai santsi da tauri ba baƙo ba ne a tsakar gidajenmu. Na kalwa da na tsamiya suna zube a ƙasa a inda yara ke sakin zomaye su sha iska, kuma ba sai an jira wani nazari ba kafin a share wurin.

Shekara bakwai bayan haka, a 2014, Schuhmann da Cope suka fitar da bayanin kumburin tumbi sau 145 da aka yi wa magani ba tare da wuƙa ba: ƙarin ruwa, maganin ciwo, maganin motsa hanji, da ciyarwa da sirinji. Kimanin 89 cikin 100 suka warke. Wannan lamba ta sauya tunanin likitoci da yawa, domin ta nuna dunƙulen gashi yakan wuce da kansa idan aka jiƙa jikin dabbar aka sauƙaƙa mata raɗaɗi. Sai dai a lura, zomon da ya warke ba a buɗe cikinsa ba, don haka ba kowane ɗaya cikin 145 ɗin za a rantse a ce toshewa ce ta gaske ta same shi ba. Haka kuma waɗanda ake kaiwa tiyata galibi su ne waɗanda abin ya fi tsananta a kansu. Kwatanta 48 da 89 kai tsaye a ce wuƙa ce ke kashewa zalunci ne ga mai tiyatar.

Lamba ta tsakiya ita ta fi kusa da abin da mai kiwo zai gani yau da gobe, saboda ta haɗa kowane irin ciwon ciki. A asibitin dabbobi na Jami'ar Tufts da ke Amurka, tsakanin 2014 da 2016, zomaye 117 cikin 484 da aka duba matsalar hanji ce ta kawo su, kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Guda 84 suka rayu, 15 suka mutu, 18 aka huta da su. Shi ne 72 cikin 100. A ɗaya gefen, babban binciken kwalejin likitocin dabbobi ta Landan kan zomaye 6,349 da aka kai ƙananan asibitoci a 2013 ya sa tsayawar hanji a 4.3 cikin 100 na sanadin mutuwa, ƙin cin abinci kuma 4.9. Ratar da ke tsakanin ɗaya cikin huɗu da 4.3 ba saɓani ba ne. Na farko ya ƙirga marasa lafiya a babban asibiti, na biyu ya ƙirga matattu a cikin dukkan zomayen da aka kai ƙananan asibitoci.

Duk wannan, mai kiwo a Saye ko Badume zai ce, ina ruwana, tunda ba hoto zan yi wa zomo ba? Gaskiyarsa. Kuɗin tiyata ya ninka kuɗin zomon sau da yawa, kuma asibitin da zai iya irin wannan aiki, kamar na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ba nan kusa yake ba. Amma akwai lambobi biyu a cikin waɗannan bincike da ba sa buƙatar injin hoto, kuma a ganina su ne ribar karatun.

Ta farko zafin jiki. Lafiyayyen zomo yana tsakanin digiri 38.5 da 40 a ma'aunin Salshiyos. Nicola Di Girolamo da abokan aikinsa a Italiya sun auna zomaye 316 lokacin da aka shigo da su asibiti, kowace irin cuta ce ta kawo su, suka wallafa sakamakon a 2016. Sama da kashi ɗaya bisa uku jikinsu ya yi sanyi, wato 37.9 ko ƙasa da haka, kuma haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau uku. Duk digiri ɗaya da zafin ya sauka, rinjayen mutuwa a kan rayuwa yana ninkawa biyu. A Tufts ma, waɗanda suka zo da 36.6 ko ƙasa sun fi sauran shiga haɗari fiye da sau huɗu. Ma'aunin zafin jiki na kemis ya isa, a shafa masa man baselin a sa a dubura a hankali. Zomon da ya yi sanyi, kafin komai ɗumi yake buƙata: kwalbar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma a gefensa, musamman a daren hunturu da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15 a ƙasar Kano.

Ta biyu sukarin jini. A 2012 Harcourt-Brown ta sake fitar da awon zomaye 907. Masu kasalar hanji 51 matsakaicin sukarinsu 8.5 ne a ma'aunin Ingila, masu toshewar da aka tabbatar su 18 kuwa 24.7. A kan na'urorin awon suga da suka fi yawa a gidajenmu, waɗanda ke nuna ɗaruruwa, wannan shi ne wajen 153 da wajen 445. Abin da ya haura 20, wato 360, alama ce mara kyau. Ɗigon jini daga jijiyar kunne ya wadatar, kuma malamin dabbobi ne ya kamata ya ɗiba. Tsoro ma yana ɗaga sukarin zomo, amma ba kasafai yake kai shi can sama ba.

Muhimmancin rarrabewar shi ne maganin ɗaya yana iya zama ajalin ɗaya. Mai kasalar hanji ɗura yake so: a daka harawa ta yi laushi, a dama da ruwa, a ba shi da sirinji kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, domin zomon da ya kwana biyu bai ci ba kitse ke taruwa a hantarsa. Mai toshewa kuwa, wanda tumbinsa ya riga ya cika, ɗura da baki ƙarin nauyi ne a kan wanda ya riga ya ƙoshi da azaba. Nasa ƙarin ruwa ne ta allura da maganin ciwo a hannun likita, da gaggawa. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce awa 12 ba ci ba kashi, lamari ya zama na gaggawa. Lafiyayyen zomo yana zubar da ƙwaya 150 zuwa 300 a rana, don haka wanda ke share ƙarƙashin keji kowace safiya shi ne zai fara ganin canji, tun zomon yana tsalle.

Kasalar hanji ba ta zuwa haka kawai, akwai abin da ke tunzura ta, kuma a ƙasarmu abubuwa uku ne a gaba. Hanjin zomo da ɓangaren ciyawa mai kaushi yake motsi, wannan zare-zaren da ba ya narkewa. Masu haɗa abincin zomon nama ba sa son ya gaza 14 cikin 100, na zomon ado kuma akan kai shi 20 zuwa 25. Masara da dawa ba su wuce 2 zuwa 3 ba, dusa tana wajen 10, harawar gyaɗa da ta wake suna kai 25 zuwa sama. Wato abin da mutanen Bici ke tarawa a kan rufin ɗaki da rassan bishiya bayan kaka shi ne ainihin maganin. Matsalar tana tasowa ne daga Maris zuwa Yuni, lokacin da harawa ta yi tsada aka fifita tunkiya da ragon layya, aka bar zomo da dusa, sauran tuwo da abincin kaji. Yana ƙiba a ido, hanjinsa na mutuwa. Ga haƙoransa na gaba da ke tsiro kusan milimita 2 a mako, waɗanda in ba su sami abin gogawa ba sai su karkace su soki baki, ya daina ci.

Sai ruwa. Har yanzu akwai masu cewa zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi. Lissafin likitoci shi ne mililita 50 zuwa 150 ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Zomo mai kilo 2 zai iya shanye fiye da rabin ledar fiya wata, uwa mai shayarwa kuma ta wuce haka nesa. Na uku zafi. Zomo ya fi sakewa tsakanin digiri 15 da 21, daga 30 yake fara rage ci, a Afrilu kuwa Bici tana taɓa 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano.

Akwai kuma kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya. Zomo ya kwanta, sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso, ko a zuba masa garin maganin kaji a ruwa. Narkar da abincin zomo ta dogara ne da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a wata babbar jaka a mahaɗar ƙaramin hanji da babba, wadda ke ɗauke da kusan 40 cikin 100 na abin da ke cikinsa. Amoxicillin, ampicillin, lincomycin, clindamycin da erythromycin, idan aka ba shi ta baki, suna kashe su, miyagun su yi yawa, gudawa ta biyo baya. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Da yawa a ƙauye ba za su jira ba, da zarar zomo ya kwanta za su sa wuƙa don kada ya zama mushe. Ga wanda jikinsa ya yi sanyi, cikinsa ya yi tam, babu likita kusa, alƙaluman da ke sama ba su ƙaryata wannan hukunci ba, in dai ba a riga an ɗura masa magungunan da ke zama a nama ba. Ga wanda ke ɗan taɓa ganye, zafinsa na nan a 38 da ɗoriya, yanka shi garaje ne, domin irinsa ne suka fi tashi. Idan kuwa zomaye da yawa ne ke faɗuwa a keji ɗaya cikin kwana biyu ko uku, wasu da jini a hanci, wannan ya fita daga babin hanji. Annobar zubar jini ta zomaye, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Najeriya a 2020, ita za a fara zargi, a killace sauran, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma domin a aika samfuri cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom.