Tafkin Nyos: Yadda ake gadin ruwan da ya hallaka mutum 1,746 a dare guda

Mazauna Lazaret da sauran unguwannin Yamai sun san barnar ambaliya, amma aman wuta na duwatsu sai dai su gani a waya. Sai dai a wani kusurwa na yankin da ke shayar da kogin Isa, akwai tafkin da masana ke sa wa ido ba dare ba rana.

Tafkin Nyos yana arewa maso yammacin Kamaru, a cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta, kuma zurfinsa ya kai kimanin mita 200. Narkakken dutsen da ke ƙarƙashinsa yana tsatso iskar kabon, wadda ke taruwa a ruwan ƙasa kamar gas a kwalbar lemo.

A daren 21 ga Agustan 1986 iskar ta ɓalle lokaci guda. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta gangara kwari ta rufe ƙauyukan Nyos, Cha da Subum. Mutum 1,746 suka rasu, yawancinsu suna barci, tare da dabbobi kusan 3,500, galibi shanun Fulani makiyaya. Shekara biyu kafin nan, irin haka ta kashe mutum 37 a tafkin Monoun.

A 2001 aka kafa bututun farko da ke zuƙo ruwan ƙasa yana sakin iskar sannu a hankali, aka ƙara biyu a 2011. An kuma girka na'urori masu ƙara idan iskar ta yi yawa. Cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta Kamaru, IRGM, na auna ruwan tare da masana daga waje. Shawarar da ake bai wa mutane ita ce: in an ji ƙara, a hau tudu, kada a bi kwari.

Barazanar ba ta tsaya a iyakar Kamaru ba. A baya an gano gaɓar da ta tare tafkin tana zaizayewa, kuma in ta karye, ruwan zai bi kogin Katsina-Ala ya faɗa jihohin Taraba da Binuwai. Wannan ne ya sa Najeriya ta gina madatsar Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum, wadda aka tsara ta samar da megawat 40 na lantarki.

Abin da ya faru a Goma, gabashin Kongo, ya nuna illar sakaci. Cibiyar sa ido kan dutsen Nyiragongo ta rasa tallafin Bankin Duniya a 2020. Dutsen ya yi aman wuta ranar 22 ga Mayun 2021 ba tare da an gargaɗi jama'a ba, fiye da mutum 30 suka mutu.

Bututu da na'ura suna buƙatar kuɗin gyara kowace shekara, da ma'aikatan da ake biya a kan kari, da saƙon da zai isa rugar makiyayi cikin harshen da yake ji.