Shirin Musamman: Kwanakin da Mahaifa ke Karɓar Ciki

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'ar Matameye, Kance, Ɗan Barto, Tsauni da Kurni, yau za mu ji shirin da mahaifa ke yi kafin ciki ya zauna.

Duk manomi ya sani, komai kyan iri, in ƙasa ba ta sha ruwan shuka ba, ba ya tsiro. Ita ma mahaifa ba kullum take karɓar ciki ba, tana da nata lokaci.

In mace na ganin al'ada duk kwana 28, ƙwai kan fito wajen rana ta 14. Daga nan jikinta ya shiga fitar da wani sinadari mai suna furojestaron. Da ya isa shimfiɗar cikin mahaifa, sai wasu ƙwayoyin gado su kama aiki, wasu su dakata. Ƙwayoyin gadon nan da muke samu daga uwa da uba sun kai wajen 20,000, kowace da umarnin da take bayarwa.

Da umarninsu ne shimfiɗar ke yin kauri da laushi, jijiyoyin jininta su ƙaru suna murɗewa, ta riƙa tsattsafo da ruwa mai gina jiki. A lokacin, ƙwan da ya haɗu da maniyyi yana gangarowa, ƙanƙane, ko rabin milimita bai kai ba. Tsakanin rana ta 20 da ta 24 ne zai iya mannewa ya nutse ciki. In kwanakin suka wuce ba a dace ba, sinadarin ya ja baya, shimfiɗar ta zube. Jinin al'ada ke nan.

(Kiɗa)

Ta yaya aka gano haka? A 1992 masu bincike a Amurka suka cire wa ɓeraye mata ƙwayar gado ɗaya tak mai suna LIF. Ƙwansu lafiya lau, amma mahaifar ta ƙi karɓa. Da aka mayar da ƙwan cikin ɓeraye masu lafiya, sai ciki ya zauna. A 2011 kuma likitoci a Balensiya ta ƙasar Sifen suka fito da gwajin da ke duba ƙwayoyin gado 238 don sanin ranar da mahaifa ta shirya. Sai dai wani babban bincike na 2022 a Amurka ya nuna gwajin bai ƙara yawan haihuwa ba, don haka aiki na gaba.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, akwai cututtukan da ke ɓata wannan shiri. Ciwon sanyin da aka bari ya daɗe kan toshe hanyar ƙwai, ruwa ya taru yana kwararowa cikin mahaifa, har aikin wata ƙwayar gado mai suna HOXA10 ya ragu. Ƙarin mahaifa ma kan yi haka. Da yawansu suna da magani in an je da wuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa mutum ɗaya cikin shida kan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Sau da yawa kuma matsalar daga namiji take. Saboda haka kiran mace juya, ko yi mata gori a gidan miji, zalunci ne.

Malam, Malama, in kun shekara tare ba labari, ku je asibitin Matameye ku biyu. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Damagaram. Baiwar Allah, kada ki cusa wa jikinki haɗin da ba ki san abin da ke ciki ba. Iyayenmu surukai, ku taya su da addu'a da haƙuri. Haihuwa ta Allah ce, neman magani kuma namu ne.

 

(Kiɗan rufe shiri)